Talabijin mai 4K da na saya kafin azumi

Talabijin ɗinmu ta mutu ne a wani daren sanyi cikin watan Janairun 2025. An kwana biyu babu wuta a unguwa, da aka tashi kawowa sai ta zo da ƙarfi. Muka ji wani ɗas a bayan akwatin, ƙaurin waya ya cika falo. Washegari na sa ta a adaidaita sahu zuwa wajen mai gyara. Ya kwance bayanta, ya haska min inda ya yi baƙi ƙirin, ya ce, "Malam, ɓarnar ta yi yawa. In na ce zan gyara maka, kuɗin ya kusa sayen 'yar hannu." Shekara tara muna morar ta, inci 32 ce, ba ta taɓa ba mu wahala ba sai ranar.

Da don ni kaɗai ne da na haƙura na ci gaba da kallo a waya. To amma azumi saura wata ɗaya da 'yan kwanaki, kuma Hajiya mahaifiyata a wurina take zaune. Ita azuminta ba ya cika sai da tafsiri da rana, da dare kuma ta zauna gaban tashar Harami tana bin tarawihin Makka. Idonta ya yi rauni, wayar hannu ba ta yi mata. Saboda haka ranar Asabar na shirya na shiga kasuwa.

Wanda ya daɗe bai je sayen talabijin ba zai sha mamaki. Bango guda an jera su tun daga ƙasa har rufi, Hisense, LG, Samsung, TCL, da wasu sunayen da ban taɓa ji ba, duk suna nuna abu ɗaya: wani tsuntsu mai launi-launi yana karkaɗe ruwa daga jikinsa. Na tsaya gaban wata mai inci 55, ina iya ƙirga gashin fiffikensa ɗaya bayan ɗaya. Yaron shago ya matso ya ce, "Alhaji, wannan 4K ce. Yanzu ita ake yayi, duk wanda ya sayi wata ba ita ba ya sayi tsohon yayi." Na tambayi kuɗi. Abin da ya faɗa ya fi ninkin kuɗin mai inci 43 da ke gefenta, wadda ba 4K ba. Tun da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira a 2023, duk abin da ake shigo da shi da dala sai dai a yi shiru. Na ce masa zan dawo. A raina kuwa na riga na ƙyasa, tsuntsun nan ya bi ni har gida.

Ƙanina ne ya taka min birki. Shi harkar kwamfuta ya karanta, kuma ba ya gaggawa a kan komai. Ya ce, "Yaya, kafin ka fitar da kuɗi, ka san me kake saya?" Sai ya ɗauki wayarsa ya kusantar da kyamarar jikin fuskar kwamfutarsa, ya nuna min. Hoton da nake gani sumul ashe ƙananan ɗige-ɗige ne a jere kamar saƙar tabarma, kowane ɗaya da ja da kore da shuɗi a cikinsa. Ya ce duk maganar a yawan ɗigon nan take. Tsohuwarmu da ta ƙone tana da 1366 a kwance da 768 a tsaye, wato miliyan ɗaya da ɗoriya. Wadda ake kira Full HD tana da 1920 da 1080, miliyan biyu da 'yan kai. Ita kuwa 4K, da wasu kwalaye ke rubuta UHD, 3840 ce a kwance, 2160 a tsaye, jimilla 8,294,400. Ninki huɗu ke nan na Full HD. Sunan ma daga nan ya samo asali, don faɗin ya kusa ɗigo dubu huɗu. Ya ƙara min da cewa lokacin da LG da Sony suka fara fito da irinsu a 2012, masu inci 84, dala dubu 20 zuwa 25 ake sayar da guda. Yau ga ta a kasuwar Kano yaron shago yana tallarta ga malamin makaranta.

Na ce to ai magana ta ƙare, mai miliyan takwas ta fi. Ya ce a'a, a samo abin awo. Uwargida ta ciro tef ɗinta na ɗinki daga aljihun keke, muka auna daga bangon da ake rataye talabijin zuwa doguwar kujera. Mita uku da 'yan santimita.

A nan ne na fara fahimtar abin da yaron shago bai gaya min ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Ido yana da iyakar ƙanƙantar abin da yake iya rarrabewa, kuma iyakar tana tafiya da nisa. Zanen atamfa in kana riƙe da shi kana ganin zare-zarensa, in an shanya shi a igiya a can ƙarshen tsakar gida sai dai ka ga fure kawai. Talabijin mai inci 55 faɗinta kusan santimita 122 ne. In Full HD ce, kowane ɗigo bai kai kashi biyu cikin uku na milimita ba, kuma mai lafiyar ido yana daina rarrabe shi da zarar ya wuce kimanin mita biyu da 'yan kai. Daga nan zuwa baya, ko an ninka ɗigon sau huɗu, ido ba shi da labari. Mai inci 43 iyakarta ba ta kai mita biyu ba. Mai inci 65 ce ke kaiwa wajen mita biyu da rabi. Ni kuma kujerata tana mita uku. A shago na ga gashin tsuntsu ne saboda tsakanina da gilashin bai fi kamu uku ba, shagon ma ba shi da filin da mutum zai ja da baya.

Abin ya ɗan sosa min rai, don na so a ce min saya kawai. Amma na gode wa Allah da aka yi awon kafin kuɗi su fita.

Sati na zagayowa na koma, wannan karon tare da ƙanin nawa, da filashi a aljihunsa. Ya zuba hotuna biyu na gwaji a ciki: ɗaya layuka ne sirara, baƙi da fari, kowane layi kaurin ɗigo ɗaya na 4K, ɗayan kuma rubutu ne ƙanana ƙwarai. Muka fara da wani shago da aka kwatanta mana da sauƙin kaya. Mai shagon ya sa aka sauko da wata mai inci 55, kwalinta ya sha rubutun 4K ta kowace kusurwa, ga sunan babban kamfani a goshi, kuɗinta kuwa kusan rabin na wancan shagon. Ƙanina ya ce, "Ranka ya daɗe, za mu iya gwada filashi?" Ya ce bismilla. Da hoton layukan ya fito, babu baƙi babu fari, sai toka-toka kawai, duk sun narke cikin juna. Rubutun nan kuwa kamar an yi shi da alli an goge da hannu. Ƙanina ya leƙa bayanta ya kwafi lambar samfurin, ya nema a shafin kamfanin, babu ita babu dalilinta. Na shafa tambarin goshin da yatsa, na ji gefensa yana ɗagowa. Mannawa aka yi.

Ban yi faɗa ba. Na ce, "Alhaji, wannan ba 4K ba ce." Ya ce shi ma haka aka kawo masa, kuma tana karɓar 4K. Gaskiyarsa ta wani ɓangaren: tana buɗe hoton, sai dai ta matse shi ya dawo daidai da 'yan ɗigon da take da su. Karɓa daban, nunawa daban. Har yau ina tuna mutanen da za su ɗauki irin wannan su kai ɗakin amarya, uba ya yi shekara yana tara kuɗin, ba wanda zai taɓa gaya masa abin da aka sayar masa.

Daga nan muka nufi shagon dila mai ba da rasit da takardar garanti. Can ma muka gwada filashin, layukan suka fito rau, ɗaya baƙi ɗaya fari, rubutun ya karantu tsaf. Na koyi cewa lambar samfuri tana faɗar gaskiya fiye da kwali: a Hisense jerin A6 ne 4K, A4 kuwa ba ita ba ce, a Samsung irin su CU7000 da DU7000 4K ne. Na kuma lura da wani abu da ya sauya min lissafi. Niyyata bayan awon nan ita ce in nemi babba, amma Full HD, in rage kuɗi. Sai na tarar a wajen manyan kamfanoni daga inci 50 zuwa sama kusan duk 4K ce, sun daina wahalar yin babba mai ƙarancin ɗigo. Zaɓin da ke gabana na gaskiya shi ne ƙarama mai inci 43 ko babba mai inci 55. Na tuna Hajiya da yadda take runtse ido tana neman rubutun ayar da ke wucewa a ƙasan hoto. Na ɗauki babbar. Girman na saya, 4K ɗin ta biyo shi ne kamar gyara.

Aka buɗe kwalin a gabana, aka kunna, ƙanina ya sa aka nuna farin hoto zalla sannan baƙi zalla, yana duba ko akwai mataccen ɗigo ko wurin da haske ke tsiyaya daga gefe. Babu. Aka rubuta lambar jikinta a rasit. A tsaye muka ɗauko ta a mota, an ce kada a kwantar da ita, gilashin ba ya son nauyin kansa a kan gargada. Kafin mu bar kasuwa na sayi sitabilaiza da abin kare kaya daga tsawa da wuta mai ƙarfi, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake.

Daren farko shi ne ban manta ba. Aka kafa ta a bango, yara suka zauna a kafet suna jira, na haɗa resibar dish ɗinmu da wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, kamar yadda take a tsohuwar. Tashar labarai ta fito. Fuskar mai karanta labarai ta yi dishi-dishi, gefen hularsa kamar haƙoran zarto, rubutun ƙasa yana rawa. Uwargida ta dube ni ta ce, "Ai tsohuwar ma ta fi ta fitar da hoto." Gabana ya faɗi, don gaskiya ta faɗa.

Na kira ƙanina a waya. Ya ce in kwantar da hankali, talabijin ɗin lafiyarta ƙalau, abin da ake ba ta ne kaɗan. Yawancin tashoshin da muke kamawa kyauta har yanzu tsohon ma'auni suke aikowa, ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye, wato 414,720. In ka raba 8,294,400 da wannan, 20 cif za ka samu. Duk ɗigo ɗaya da tasha ta turo, sai talabijin ɗin ta ƙirƙiro 19 daga kanta ta cike gurbi. Kamar a ɗauki hoton fasfo a ce a buga shi girman fostar 'yan siyasa. A ƙaramar talabijin aibin yana ɓuya, a babba kuwa ba shi da wurin ɓuya. Ga kuma wayar mai kai uku, wadda ko tasha ta aiko da HD, wato hoto mai ɗigo da yawa, ba za ta iya ɗauko shi ba.

Da safe na duba bayan resibar, ashe tana da ramin HDMI, wanda wayarsa ke iya ɗauko HD, shekara da shekaru yana nan ƙura ta toshe shi. Na sayo wayar, kuɗinta bai kai na mudun shinkafa biyu ba. Na shiga saitin resibar na ɗaga fitar hoton zuwa 1080. Na kuma cire talabijin ɗin daga yanayin shago, wanda ke ƙure haske da launi don jan hankalin mai saye, na mayar da ita yanayin gida. Tashoshin tsohon ma'auni suka ɗan gyaru, ba yabo ba fallasa. Da na kai tashar Harami kuwa, wadda ke zuwa da HD, sai falon ya yi tsit. Zinaren rubutun da ke jikin rigar Ka'aba ya fito harafi-harafi, farin marmaran wurin ɗawafi yana ɗaukar ido. Wannan 'yar wayar ta yi min aikin da ban samu daga lambar 4K da ke kan kwali ba.

Na so dai in ga 4K ta ainihi a gidana, don haka na haɗa ta da intanet ta wayata, na buɗe YouTube, na zaɓi 2160p, wato 4K. Hoton wani daji ne da ruwa ke gangarowa. Daga kujera yana da kyau ƙwarai, amma da na mayar da shi 1080p ban ga wani bambancin kirki ba, sai da na taso na tsuguna kusa. Awon tef ɗin ɗinki bai yi ƙarya ba. Abin da na gani ƙarara shi ne saƙon da ya shigo wayata cewa datata ta kusa ƙarewa. YouTube suna ba da shawarar gudun intanet na megabit 20 a daƙiƙa don 4K, alhali 5 ya ishi 1080p. Netflix kuwa sun ce 4K na iya cin gigabait 7 a awa ɗaya, HD kuma 3, kuma sai mai biyan tsari mafi tsada ake ba 4K ɗin. Fim ɗin awa biyu gigabait 14 ke nan, datar da nake lallaɓawa ta kai ni rabin wata. Abin kuma ya zo daidai lokacin da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a Janairun 2025 a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Mai Starlink ko wanda 5G ta wadata a unguwarsu, lissafinsa daban. Ni dai tun ranar na tsayar da YouTube a 1080p, wani lokacin ma 720p.

Sai wuta. A bayan sabuwar an rubuta wat 130, tsohuwar 45 ce. Muna da 'yar sola da batir biyu. Lokacin sanyi ba a ji ba, amma da azumi ya kama ranar 1 ga Maris zafi ya fara shigowa, fanka uku na juyawa dare da rana, sai inbata ta fara kuka tun kafin sahur. Na rage hasken bayan gilashin zuwa rabi, da dare ma hakan ya fi daɗin ido, cin wutar ya sauka sosai. Duk da haka sai da muka sa doka: bayan tarawihi a kashe.

Abokan aiki da suka ji na saya sukan tambaye ni ko ta cancanci kuɗinta. Abin da nake ce musu bai sauya ba. In inci 32 ko 43 za ka saya, kuma kallonka dish ne da finafinan da ake tura wa mutane a filashi, kada ka ƙara ko sisi don an rubuta 4K. Ka sa kuɗin a resiba mai HD da wayar HDMI da sitabilaiza. In babba kake so, za ta zo maka da 4K ko ka nema ko ba ka nema ba, abin dubawa shi ne ta gaske ce, kuma yaya take gyara hoton tashoshin da kake kallo kullum. Ka ce a sa maka tashar gida a shagon, kada ka yarda da tsuntsun. Masu wasan PlayStation 5 da ke zama dab da gilashi, da mai son ya mayar da ita fuskar kwamfuta, su ne na ga suna cin moriyar ɗigon nan da gaske.

Hajiya ce dai ta ci ribar da ban lissafa ba. Ita ba ta zama a kujera, dardumarta take shimfiɗawa a ƙasa, kamar taku biyu daga bango. A tsohuwar talabijin in ta matso haka sai ɗige-ɗigen su bayyana, idonta ya yi ta ruwa. A wannan kuwa komai kusancinta hoton a haɗe yake. Daren farko na azumi na same ta tana nuna wa jikokinta da carbi a hannu: nan ne Maƙamu Ibrahim, can koren hasken nan daidai Hajarul Aswad yake, daga nan ake fara ƙirga ɗawafi. Shekara goma sha da zuwanta aikin hajji, amma tana bayani kamar jiya ta dawo.

Bayan sallah matar ƙanina ta haihu. Ranar suna ya ɗauki bidiyo da wayarsa, ya ce a 4K ya saita ta; wayoyi sun daɗe da iya wannan, iPhone tun 6s ta 2015. Da ya turo min ta WhatsApp hoton ya zo a dagule, don manhajar tana matse bidiyo kafin ta aika. Sai ya zo da kansa da daddare da filashin nan dai da muka je kasuwa da shi, ya soka a bayan talabijin ɗin. Tsakar gidanmu na gado ta fito, rumfa da tabarmi, tururi na tashi daga tukunyar waina, zanen lallen da ke hannun mai jego har siraran rassansa. Aka zo inda aka miƙa wa Hajiya jaririyar, wadda aka sa wa sunanta. Ta ce, "Tsayar min nan." Na tsayar. Ta ja dardumarta ta ƙara matsawa, ta daɗe tana duban 'yar fuskar da ta cika bango, sannan ta ɗora yatsa a gefen gilashin ta ce kunnen na marigayi Malam ne, a duba yadda ya ɗan lanƙwasa daga sama. Muka taso duka muka tsuguna kusa da ita muna dubawa.